Jitar da Ba Ta Tsayuwa Wuri Ɗaya

Duk wanda ya ce maka a kasuwar Damagaram ana sayar da ƙarfen da ke tsayar da jakin jita, ka ce masa ni Nafi'u na Rogo Sabon Gari na ce ƙarya yake yi. Na je, na gani, har ramuka biyu aka huda mini a bayan jita, suna nan har yau ga mai son dubawa.

Bari in fara da ita jitar, tunda ita ta jawo mini komai. Ja ce, mai lantarki, a wajen masu gwanjo na tsince ta a Kano lokacin ina aiki da wani mai hayar sifika a Karaye, muna bin gidajen biki muna jona waya. Abin da ya ruɗe ni da ita wani ɗan ƙarfe ne lanƙwasasshe da ke reto a gindinta, in ka danna shi sai sautin ya yi kuka yana karkarwa. Na ji wannan kukan na ce na samu duniya. Ashe wahala na saya na rungumo har gida.

Ga inda matsalar take. Wurin da tsirkiyoyi suke hawa a gindin jita, wanda masu garaya ke kira jaki, a yawancin jitoci a kafe yake. Nawa kuwa lilo yake yi. Tsirkiyoyi shida suna jan sa gaba, wasu sifirin guda uku da ke ɓoye cikin wani rami a bayan jitar suna jan sa baya, shi kuma yana tsakiya kamar mangala. Ka ɗaure tsirkiya ɗaya, sauran biyar su saki. Ka bi su ka gyara, ta farkon ta tashi. In kuwa ɗaya ta tsinke ana cikin kiɗa, to sai dai ka yi wa jama'a sallama, domin abin da zai fito ko akuya ba za ta tsaya ji ba.

A waya na koyi kiɗan Buzayen Agadas, na kuma ƙudurta sai na je na zauna a cikinsu. Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Rani ɗaya na ba ka. Ka je cin ranin da wannan abar. In ka samu wanda ya ɗauke ka aiki da ita, aiki na gaske ba yawon banza ba, shike nan. In ruwan shuka ya sauka ba ka samu ba, ka dawo ka rataye ta ka kama garma, kada kuma in ƙara jin ƙararta a gidan nan." Baba ba ya magana biyu. Inna kuwa sai ta cusa mini ƙullin ƙuli-ƙuli a jaka. Duk unguwarmu an san ƙuli-ƙulin Inna. Tana matse shi har sai ta ga babu ɗigon mai, ta soya shi har ya koma kamar marmara. Tun ina yaro nake mata ƙorafi, tana cewa mai laushi na malalata ne.

A Damagaram na fara sanin ni baƙo ne. Na taɓa gani a waya cewa Turawa sun ƙera wani ɗan ƙarfe mai sifirin da ake ɗaurawa a ramin bayan jita, ya dafe jakin ya hana shi motsi sai in kai ka so. Na nema a Kano ban samu ba, wani ya ce ai Nijar ƙasar jita ce, can kamar gyaɗa ake auna shi. To ina sauka a tasha na shiga tambaya. Aka yi ta miƙa ni daga mai gyaran rediyo zuwa mai sayar da batir, har na faɗa hannun wani dogo mai gilashi a goshi, wanda kowa ke kira Injiniya.

Na kwatanta masa abin, na nuna masa hoto. Ko sakan bai yi ba ya ce, "Wannan? Ɗan Najeriya, ka taki sa'a. Guda ya rage, daga Faransa ya zo."

Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da wani ƙarfe mai ruwan zinare a leda, ga rubutun Faransanci a jiki. Na ce, "Malam, kamar bai yi kama da na hoton ba."

Ya ce, "Na hotonka tsohon yayi ne. Kawo jitar, ni zan ɗaura maka da hannuna, ba zan karɓi ladan aiki ba, ai baƙo amanar Allah ne."

Ina tsaye ina kallo ya kwance murfin baya, ya sa abin huda ya huda itacen jitata, ya ɗaure ƙarfen da kusoshi biyu. Na kaɗa, na ji kamar ta tsaya. Har addu'a na yi masa, na roƙa masa gamawa da duniya lafiya. Wallahi in na tuna wannan addu'ar har yau sai in ji zuciyata tana tafasa.

Daga nan na hau motar Agadas. Hanyar Tanut ba hanya ba ce, azaba ce aka shimfiɗa. Motar ta cika har bakin ƙofa, jitar tana tsaye tsakanin ƙafafuna, kan wuyanta yana dukan haɓata duk ramin da muka faɗa. Da yunwa ta taso na kwance ƙullin Inna, na miƙa wa wani dattijo da ke gefena don kada in ci ni kaɗai. Ya karɓa da godiya, ya kai baki, ya ɗan yi fama, sannan ya ciro shi ya duba ya mayar mini.

"Yaro," ya ce, "haƙoran da suka rage mini ina son su."

Motar gaba ɗaya ta kwashe da dariya. Wata mata a baya ta ce a miƙo mata ta gani, aka yi ta yawo da shi hannu zuwa hannu kamar abin tarihi. Ita ce kuma daga baya ta miƙo mini dabino cike da tafin hannu, ta ce in ci wannan, in ajiye na gida sai ranar yaƙi. Ban san sunanta ba, a Tanut ta sauka.

Gaba kaɗan jandarma suka tsayar da mu. Ɗayansu ya ga jitar ya ce in da gaske makaɗi ne ni, in kaɗa ya ji. Na fito cikin rana, na saɓa ta, na ja yatsa. Zafin mota da jijjiga sun riga sun gama da ita. Abin da ya fito ni kaina sai da na runtse ido. Jandarman ya dube ni ya dubi jitar, ya ce, "Agadas za ka da wannan?" Na ce e. Ya miƙo mini takarduna ya ce, "Allah ya ba da sa'a," irin yadda ake faɗa wa mai jinya.

Na shiga Agadas ban san kowa ba. Ina zaune a teburin wani mai shayi kusa da tasha, na ce ya ba ni ruwan bunu, sai ya tsaya da buta a hannu.

"Kai daga ina?"

"Kano."

"Kowa Kano yake cewa. Kano ina?"

"Rogo."

Ya ajiye butar. "Ni ɗan Beli ne, maƙwabtanku! Habu sunana. Ya mutanen gida? Ya su Baba? An samu rogo bana?" Ya yi ta jero gaisuwa kamar jiya ya baro, alhali ya fi shekara goma rabonsa da gida. A shagonsa na riƙa kwana tsakanin buhun sukari da katan ɗin madara, bai taɓa tambayata ko sisi ba. Abin da kawai yake so in riƙa ba shi labarin kasuwar Karaye ranar Laraba, wa ya mutu, wa ya gina shago. Ina ba shi labarin ni ma sai kewa ta kama ni, in rasa wa ke rarrashin wani.

Habu ne ya kai ni wajen Agali, wani Buzu mai ƙungiyar kiɗan biki, siriri, mai magana a hankali kamar ba ya son ta ƙare. Muka same su a tsakar gida a kan tabarma, ana dafa shayi. Ba a tambaye ni abin da ya kawo ni ba sai da aka sha kofi na uku. Sannan Agali ya ce, "Mu ga jitar, Bakano."

A nan na gano abin da waya ba ta nuna mini ba. Su a wajensu jita ba ta mutum ɗaya ba ce. A biki, mai waƙa ya yi tasa ya miƙa wa na kusa, shi kuma kafin ya fara sai ya murɗa tsirkiya ya ɗaga ta ko ya sauke ta daidai muryarsa, cikin ƙiftawar ido, ganga ba ta tsaya ba. Haka jita ɗaya za ta zaga hannu huɗu kafin magariba. Agali ya karɓi tawa, ya yaba jan launinta, ya murɗa babbar tsirkiyar sama yadda ya saba. Sauran biyar suka zube. Ya bi su ya gyara, ta saman ta gudu. Ya sake bi. Sai muka ji wani abu ya yi ƙaras a ciki, yana ta kwaramniya.

Aka buɗe baya, ƙarfen Injiniya ya faɗo kan tabarma. Mai gangarsu ya ɗauka ya jujjuya, ya tashi ya shiga ɗaki, ya kira ni. Ya nuna mini ƙofar kabad ɗin kwanukan matar Agali. Ga irinsa nan sak, har ruwan zinaren, yana riƙe da ƙofa.

Ba su yi mini dariya sosai ba, wannan ya fi ƙona mini rai. Agali ya ce, "Hannunka yana da daɗi, na ji. Amma wannan jitar ba ta zaman mutane. In ta tsaya, ka dawo."

"Maigida, yaya zan tsayar da ita?"

"Mu ba ma sayen mai lilo. Wanda tsautsayi ya sa ya saya, itace yake cusawa a baya."

Itace! Na baro Rogo, garin da ko ina ka juya itace ne, na ƙetare hamada, don a ce mini in cusa itace. Raina ya ƙi yarda. Na ce abin da Bature ya ƙera da sifirin ba za a ce guntun icce ya maye shi ba. Na samu wani mai shagon waya da ya ce yana iya sa a kawo mini na gasken daga waje. Daga nan na shiga zaryar da ban taɓa yin irinta ba. Yau kaya suna Yamai, gobe motar ta lalace, jibi wanda ya riƙo ya wuce Arlit da shi bai sani ba. Kullum in je, kullum ya ce, "Sai haƙuri, Bakano, ya kusa." Ina wanke wa Habu kofuna, rani yana tafiya, jita tana jingine a bayan buhun sukari.

Ran nan Baba ya kira. Bayan gaisuwa ya ce, "An fara sharar gona. Jiya hadari ya haɗu ta gabas." Sai ya miƙa wa Inna wayar. Ita kuma tambayarta ɗaya, ina cin abinci? Na ce ina ci. Ta ce ƙuli-ƙulin ya ƙare? Na ce saura kaɗan. Ban gaya mata cewa duk wanda na ba sai ya dawo mini da shi ba, ni ma sai na jiƙa a shayi nake iya ci.

Na haƙura da Bature na tafi wajen kafinta. Ya yanko mini guntaye biyu, na cusa ɗaya gaban ƙarfen da sifirin ke kamawa, ɗaya bayansa. Ta tsaya, amma itacen ɗanye ne, kuma ya ɗan yi siriri, sai da na naɗa masa takarda. Ana haka sai ga saƙon Agali ta bakin Habu: mai jitarsu na biyu ya tafi haƙar zinariya da jitarsa, ga biki ranar Asabar bayan la'asar, in tawa ta tsaya in zo. Habu ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ce fa. In ta wuce, sai garma."

Ranar Asabar aka loda mu a bayan a-kori-kura tare da sifika da janareta, aka bi wata hanya mai tsakuwa zuwa bayan gari. Muna isa na ciro jita na ja yatsa, sai na ji ta koma gidan jiya. Na buɗe baya. Itacen ya bushe a zafin Agadas ya tsuke, jijjiga ta kakkaɓe shi, ɗaya ma ya tsage biyu. Ga mata sun yi da'ira cikin baƙaƙen mayafai masu ƙyalli, ga maza da rawuna sun zazzauna, ga janareta ya tashi. Agali ya dubo ni daga nesa ya ɗaga gira.

Na duba ko ina. Fili ne fetal, babu ko kara. Na gwada tsakuwa, ta zame. Na nannaɗe kwali, ya lotse. Na zazzage jakata a ƙasa cikin haushi, ina zagin Injiniya, ina zagin mai shagon waya, ina zagin ranar da na ga jar jita a gwanjo. Riga ta faɗo, cajar waya ta faɗo, sai ƙullin Inna, saura guda biyu a ciki. Na ɗauki ɗaya don in yi jifa da shi, sai na ji nauyinsa a hannuna. Na dube shi, na dubi ramin.

Ya ɗan fi ramin kauri. Na durƙusa na goga shi a kan dutse kamar mai wasa wuƙa, na gwada, na ƙara gogawa. Da ya kusa shiga na sa gindin sukudireba na buga shi. Ko gezau bai yi ba, ya shige ya zauna daram. Na yi wa na biyun haka a ɗaya gefen. Na kama jakin na girgiza da ƙarfina, kamar an gina shi da siminti. Na ɗaure tsirkiyoyi, kowace ta tsaya inda na ajiye ta. Mai ganga yana kallona tun daga farko, ya buɗe baki zai yi magana, na ce, "Don Allah kada ka ce komai."

Aka fara. Na bi bayan Agali a waƙa biyu. A ta uku ya miƙo hannu, na ba shi jitata. Ya murɗa babbar tsirkiya ya ɗaga, ya saurara, ya ja sauran. Suna nan. Ya dube ni ta saman rawani, ya ci gaba. Daga hannunsa ta wuce wajen wani, shi ma ya murɗa tasa, ta dawo gare ni lafiya. Sai Agali ya yi mini alama da kai in ja gaba.

Na shiga da wani kiɗa da nake yi a gidajen biki a Karaye, na ɗora shi kan gangarsu. Mata suka ɗauki guɗa, samari suka taso da ƙura. Ina tsakiyar abin, na ja siririyar tsirkiyar ƙasa da ƙarfi, sai tas! Ta tsinke ta nannaɗe mini a hannu. Na san abin da ke biyo baya, na sha gani. Na ja sauran biyar ina jiran kukan akuya. Sai na ji su garau, ko ɗaya ba ta motsa ba. Da tsirkiya biyar na ƙarasa waƙar, hawaye yana zubo mini, mutane suna tsammanin daɗin kiɗa ne.

Da aka tashi Agali ya ce in buɗe masa baya ya ga irin itacen. Ya leƙa, ya sa hanci ya sansana, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Wa ya yi wannan?"

"Mahaifiyata."

"Allah ya ja kwananta. Ka tafi ka yi wa tsohonka damina. In an yi girbi ka dawo, wurinka yana nan." Na sa shi ya maimaita a waya, Baba yana saurare.

Na iso Rogo an yi ruwan farko da kwana kaɗan, ƙasa tana ƙamshi. Baba yana zaune a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Bayan mun gaisa ya ce, "Mutumin nan ya ce wai uwarka ce ta gyara abar. Ban gane ba." Na kwance murfin na nuna masa. Ya duba, ya ƙara dubawa, ya yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya ƙwala wa Inna kira.

Inna ta zo tana goge hannu a zane, ta leƙa ramin. Na zaci za ta yi dariya. Sai na ga fuskarta ta canza. Ta kama hannuna ta juya shi, ta dubi wuyana yadda ya rame.

"Guda nawa suka rage maka ranar?"

"Biyu, Inna."

"Su ke nan?"

"Su ke nan."

"Na ba ka abinci don kada ka kwana da yunwa a garin mutane, ka ɗauka ka ba jita." Ta saki hannuna ta shige ciki. Ranar ba ta ƙara yi mini magana ba, amma tuwon da aka ajiye mini da daddare na mutum uku ne.

Na yi damina kamar yadda aka yi alkawari, na yi noma har hannuna ya yi kanta. Ƙarfen Baturen da na sa a kawo daga waje, Habu ya ce har yanzu yana hanya. Da aka gama girbi ina haɗa kaya, Inna ta shigo da ƙulli biyu ta ajiye a kan jakata, ɗaya babba ɗaya ƙarami.

"Wannan ƙaramin na jitar ne," ta ce. "Babban naka ne. Saboda ƙorafinka na sassauta masa wuta, ya yi laushi. Kada in ji ka haɗa su."

Sai da mota ta wuce Karaye na kwance babban, na ɗauki ɗaya na kai baki. Na ciza, na ji har cikin ƙwaƙwalwata. Wallahi babu abin da ya raba shi da na jitar. Na bar shi a kumatu ina tsotsa, ban miƙa wa kowa ba, har muka shiga Kano bai narke ba.